Mehdi Hasan: Tambayoyi da Amsoshi Kan Rayuwarsa, Aikinsa da Ce-ce-ku-cen da Ke Biye da Shi

A garuruwanmu na tsakanin Ringim da Taura, da wuya ka zauna a shagon cajin waya ko teburin mai shayi ba ka ga wani matashi yana nuna wa 'yan'uwansa guntun bidiyon ɗan jarida Mehdi Hasan ba, yana titsiye wani babban mutum da tambayoyi. Da yawa daga masu kallon ba sa jin Turancinsa sosai saboda saurin bakinsa, amma suna ganin yadda fuskar baƙon ke sauyawa. Daga nan tambayoyi ke tasowa, wasu daga ɗalibai, wasu daga dattawan majalisa. Na tattaro waɗanda aka fi maimaitawa, na amsa su a nan.

Wane ne shi, kuma ɗan wace ƙasa ce?

Sunansa Mehdi Raza Hasan. An haife shi a watan Yuli na 1979 a garin Swindon da ke Ingila. Iyayensa 'yan asalin birnin Hyderabad ne na ƙasar Indiya, suka yi ƙaura zuwa Birtaniya. A Landan ya taso, ya yi sakandare a makarantar Merchant Taylors', sannan ya tafi Jami'ar Oxford inda ya karanta falsafa da siyasa da tattalin arziki, ya gama a 2000. Tun 2015 yake zaune a Amurka, kuma a watan Oktoba na 2020 ya zama ɗan ƙasar. Saboda haka ba Balarabe ba ne kamar yadda wasu ke zato don sun gan shi a Aljazeera, kuma ba ɗan Pakistan ba ne.

Malam, ta yaya ya fara har ya kai nan?

Daga bayan kyamara ya fara, kuma wannan shi ne abin da nake so ɗalibaina su riƙe. Shekarunsa na farko a talabijin ya yi su ne yana mai bincike da tsara shiri, wato shi ke tono bayanai ya shirya wa wani tambayoyin da zai yi. Ya yi wannan aiki a shirin siyasa na Jonathan Dimbleby, ya ɗan taɓa BBC, ya yi Sky, sannan a 2007 ya koma Channel 4 a sashen labarai da al'amuran yau da kullum. Kusan shekara goma ke nan babu wanda ya san fuskarsa a waje.

A 2009 ya zama babban editan siyasa na mujallar New Statesman, daga nan sunansa ya fara fitowa a matsayin marubuci mai zafin alƙalami. A 2012 ya koma Huffington Post reshen Birtaniya, a shekarar ce kuma ya fara gabatar da shiri a sashen Turanci na Aljazeera. Shirin Head to Head, wanda ake naɗa a gaban taron jama'a, shi ya fito da shi duniya. A 2015 ya koma Washington ya buɗe shirin UpFront. Ya yi wa jaridar intanet ta The Intercept rubutu da shirin murya, kafin a 2020 ya samu shiri mai ɗauke da sunansa a Peacock, dandalin kallo na intanet, daga baya a tashar talabijin ta MSNBC ta Amurka.

Wane bidiyo ne ya sa Musulmin duniya suka san shi?

Muhawarar da aka yi a zauren ƙungiyar ɗaliban Oxford a watan Mayu na 2013, kan batun ko Musulunci addinin zaman lafiya ne. Lokacin da aka yi ta ya ƙara mata nauyi, domin kwana ɗaya kafin nan wasu mutum biyu sun kashe wani sojan Birtaniya mai suna Lee Rigby a unguwar Woolwich ta Landan, suna iƙirarin don addini suka yi. Ƙasar na tafasa, masallatai na cikin fargaba. A wannan yanayin ya miƙe ya yi magana ta 'yan mintoci, ya bi hujjojin abokan karawarsa ɗaya bayan ɗaya. Ginshiƙin maganarsa shi ne, in addinin ne ke sa mutum ya ɗaura bam, to me ya hana sauran Musulmi fiye da biliyan ɗaya da rabi yin hakan? Da aka kaɗa ƙuri'a ɓangarensa ya samu 286, ɗaya ɓangaren 168.

Mu da muka ga abin da Boko Haram ta yi wa Kano a watan Janairu na 2012, da harin Babban Masallacin Juma'a na 2014, wannan magana ba ta wani waje ba ce a wurinmu. Musulmi ake kashewa, kuma Musulmi ake ɗora wa laifin. Shi ya sa bidiyon bai tsufa ba a wayoyin mutanenmu.

Gaskiya ne wani Bature ya yi masa ba'a kan Isra'i da Mi'iraji?

Gaskiya ne. A ƙarshen 2012 ya yi hira da Richard Dawkins, masanin kimiyyar halittu wanda ya shahara da musun samuwar Allah. Ana cikin hira Dawkins ya juya ya tambaye shi ko da gaske ya yarda Annabi (SAW) ya tafi sama a kan dabba mai fukafukai. Mehdi ya ce eh, ya yi imani da Allah, ya yi imani da mu'ujiza. Bai yi kwana-kwana ba, alhali ya san irin mutanen da ke zauren. Bayan 'yan watanni Dawkins ya rubuta a Twitter yana mamakin yadda mujalla mai daraja ke buga rubutun wanda ya yarda da irin wannan. Suka ta yi wa Dawkins yawa a kan haka, har daga waɗanda su ma ba su da addini, domin maganarsa na nufin mai imani bai cancanci aikin jarida ba.

An ce ɗan Shi'a ne. To ya za mu ɗauki maganarsa?

Ɗan Shi'a ne, daga gidan Shi'a ya fito, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Wannan tambaya dattawa suka fi yi, kuma ina girmama dalilinsu. Amma Baba, abin da nake cewa kullum shi ne, Mehdi ba fatawa yake bayarwa ba, ba kuma karatun aƙida ake ɗauka a wurinsa ba. Ɗan jarida ne. In ya ce wa minista a shekara kaza ka faɗi kaza, abin dubawa shi ne ko ministan ya faɗa ko bai faɗa ba. Masu zaton zai riƙa kāre duk wanda Iran ke goyon baya su sani cewa a 2018 ya yi rubutu mai zafi a The Intercept yana kiran Bashar al-Assad na Siriya mai laifin yaƙi, yana kuma caccakar masu wanke shi. Haka nan a 2013 ya rubuta cewa ƙin jinin Yahudawa ya yi katutu a tsakanin wasu Musulmin Birtaniya, kuma dole su faɗa wa kansu gaskiya. Wannan rubutu bai yi wa 'yan'uwansa da yawa daɗi ba.

Mene ne sirrin yadda yake ƙure mutane?

Shiri ne, ba tsafi ba, ba kuma zafin baki kaɗai ba. Kafin ya zauna da baƙo, shi da ma'aikatansa sun karanta abin da baƙon ya faɗa shekaru da dama baya, sun ciro ranar da wurin, sun riƙe takarda. Sannan in ya yi tambaya aka kauce, ba ya wucewa zuwa ta gaba. Yakan maimaita ta, ya sake maimaitawa, har mai kallo ya gane cewa ƙin amsar ma amsa ce.

Misalai biyu sun ishe mu. A 2019 ya zauna da Erik Prince, wanda ya kafa kamfanin sojojin haya na Blackwater. Ya tambaye shi kan wata ganawa da aka yi a benen Trump da ke New York a watan Agusta na 2016. Prince ya amsa cewa yana wurin, ya kuma ce ya shaida wa kwamitin majalisar wakilan Amurka. Mehdi ya ce sun karanta rubutaccen bayanin zaman kwamitin, babu wannan magana a ciki. Prince ya rasa ta cewa, sai ya koma ga cewa watakila masu rubutawa ne suka yi kuskure. Ba da daɗewa ba shugaban kwamitin ya miƙa batun ga ma'aikatar shari'a. Ka ga a nan ba murya ce ta yi aiki ba, wani ne ya zauna ya karanta dogon kundin da kowa ke ƙyashin buɗewa.

Na biyu, a 2016 ya tambayi jakadan Saudiyya a Majalisar Ɗinkin Duniya, Abdallah al-Mouallimi, dalilin da ya sa ƙasarsa ke neman a bar 'yan Siriya su zaɓi shugabansu, amma ba ta bar nata mutanen su zaɓa ba. Tambaya ce gajera wadda ɗan sakandare ma zai iya tsarawa. Samun ƙarfin zuciyar yin ta ido da ido shi ne wahalar.

Ya taɓa yin hira da shugabannin Najeriya?

Ya yi. A watan Oktoba na 2015 ya yi hira da Shugaba Muhammadu Buhari a shirin UpFront, watanni kaɗan bayan hawansa mulki. Ya matsa masa kan wa'adin watan Disamba da ya ɗiba wa sojoji na gamawa da Boko Haram, har ya tambaye shi ko zai sauka in wa'adin ya cika ba a gama ba. Buhari ya ce ba zai sauka ba. Sun kuma taɓo batun 'yan matan Chibok da yiwuwar tattaunawa don a sako su. A lokacin, a nan Arewa, ko a majalisar ƙauye ka yi wa Buhari irin wannan tambaya sai an yi maka ca. Wannan ya sa wasu suka ji haushin hirar. Amma duk wanda ya sake kallonta yau zai ga tambayoyin da ya kamata mu da kanmu mu yi ne.

Wace magana ce ya taɓa yi a kan waɗanda ba Musulmi ba har ya nemi afuwa?

Wannan ita ce ce-ce-ku-cen da ta fi daɗewa tana binsa. A 2009, bayan ya fara aiki a New Statesman, aka fitar da guntayen wasu laccoci da ya yi a wuraren taron addini tun yana matashi. A ciki an ji yana kwatanta marasa imani da dabbobi, akwai kuma kalamai masu kaushi a kan 'yan luwaɗi. Da farko ya kāre kansa da cewa an yanko maganar ne daga mahallinta, kuma salon da ya yi amfani da shi na nassi ne. Abokan hamayyarsa ba su saki maganar ba, duk lokacin da ya samu sabon matsayi sai a sake watsa bidiyon. A watan Maris na 2019 ya fito da kansa ya rubuta cewa kalaman na wauta ne da cin fuska, yana jin kunyarsu, kuma yana neman afuwa ba tare da wani sharaɗi ba.

Mutane sun rabu a kan wannan. Masu sukarsa a Turai da Amurka na cewa shekara goma ta yi yawa kafin mutum ya nemi afuwa, kuma da wani ne ya faɗi haka a kan Musulmi, Mehdi ne zai fara hana shi sakat. A wannan gaɓar ina ganin suna da hujja, domin wanda sana'arsa ita ce tono tsohuwar maganar mutane bai kamata ya yi ƙorafi in an tono tasa ba. Magana zarar bunu ce. A gefe guda kuma, wasu Musulmi na ganin ya ba da kai ne don ya tsira da aikinsa. Zuciyarsa Allah ne ya sani. Abin da na yarda da shi shi ne, kiran maƙwabcinka dabba ba ya jawo shi ga addininka, kuma mu da ke zaune da Kiristoci a Kazaure da Hadejia da Sabon Garin Kano mun fi kowa sanin tsadar irin wannan harshe.

Shi ke nan za mu iya ɗaukarsa kakakin Musulunci?

A'a, ɗan'uwa, kuma a nan nake so a yi hattara. A siyasa Mehdi ɗan ɓangaren masu ra'ayin sauyi ne na Turai da Amurka, kuma a al'amuran zamantakewa da yawa matsayinsa na yau ya yi nisa da abin da malamanmu ke karantarwa. Ɗauki batun zubar da ciki. A 2012 ya yi rubutu yana adawa da shi, abokan tafiyarsa na siyasa suka yi masa rubdugu. Shekaru bayan haka ya ce ya yi nadamar rubutun. Abin da can ake yaba masa a matsayin gyara, a nan da yawa za su kira shi ja da baya. Kowa na iya yanke hukuncinsa, amma a yanke da sani. Yana kāre Musulmi daga ƙage da wariya, yana yin hakan da ƙwarewar da ba kowa ke da ita ba. Wannan daban, zama malamin addini daban, shi kansa bai ce shi malami ba ne.

Mece ce maganar wasiƙar neman aiki da aka fallasa?

A 2013 jaridar Daily Mail ta buga wani rubutu tana cewa marigayi Ralph Miliband, mahaifin Ed Miliband, shugaban jam'iyyar Labour na lokacin, mutum ne da ya tsani Birtaniya, alhali mutumin ya gudo wa 'yan Nazi ne kuma ya yi wa Birtaniya aikin sojan ruwa a Yaƙin Duniya na Biyu. A shirin Question Time na BBC, Mehdi ya yi wa jaridar wankin babban bargo, ya ce ita ce mai ƙin ƙasar, tunda ita ke cin zarafin baƙi da mata da Musulmi. Jama'a suka yi ta tafi. Washegari mutanen jaridar suka fito da wata wasiƙa da ya aika wa editansu Paul Dacre a 2010, yana yabon jaridar yana neman a ba shi fili ya riƙa rubutu. Bai musa ba, ya amsa cewa tasa ce kuma yana jin kunyar irin zuzutawar da ya yi.

Abin ya rage masa ƙima, babu shakka. Bai mayar da abin da ya faɗa a kan jaridar ƙarya ba, amma ya nuna mutum ne mai neman gaba kamar kowa, wanda ya san yadda ake lallashin mai ba da aiki.

Korarsa aka yi daga MSNBC saboda Gaza?

Ga yadda abin ya gudana. Bayan harin Hamas na 7 ga Oktoba 2023 da yaƙin da Isra'ila ta ƙaddamar a Gaza, wata kafa mai suna Semafor ta ruwaito cewa an ɗan janye Musulmi uku masu gabatar da shiri a tashar daga kujerunsu, wato Mehdi da Ayman Mohyeldin da Ali Velshi. Tashar ta musanta cewa addininsu ne dalili. A tsakiyar Nuwamba Mehdi ya yi wata hira mai zafi da Mark Regev, mai ba Firaminista Netanyahu shawara, inda ya matsa masa kan yaran da ake zaƙulowa daga ɓaraguzai da kuma wasu bayanan gwamnatin Isra'ila da suka zama ba daidai ba. Ranar 30 ga Nuwamba aka sanar da soke shirinsa. Tashar ta ce garambawul ne na shirye-shiryen ƙarshen mako saboda zaɓen 2024, kuma zai ci gaba da zama mai sharhi. An kuma ba Ayman Mohyeldin, wanda shi ma Musulmi ne, ƙarin lokaci. Wasu sun ce masu kallon shirin ne ba su da yawa. Ranar 7 ga Janairu 2024, a shirinsa na ƙarshe, ya sanar cewa zai bar tashar gaba ɗaya.

Saboda haka a takarda ba kora ba ce, shirin aka soke shi kuma ya ƙi zama. A ra'ayina, tashar da ke da mutumin da ya fi kowa iya yi wa masu mulki tambaya, ta ɗauke masa kujera ana tsakiyar yaƙi, mako biyu bayan irin wannan hira, bai kamata ta yi mamaki ba in mutane suka ƙi gamsuwa da bayaninta.

Aljazeera ta Qatar ce. Ba yaron Qatar ba ne?

Gwamnatin Qatar ce ta kafa Aljazeera a 1996 kuma ita ke ɗaukar nauyinta, sashen Turanci ya fara a 2006. Masu sukarsa na yawan cewa mai cin albashin masarautar da ba ta zaɓe ba shi da bakin yi wa wasu wa'azin dimokuraɗiyya. Tambaya ce halastacciya, kuma ta hau kan kowace kafa. BBC na da mai ita, gidan rediyon jiha na da mai shi, tashar ɗan kasuwa na da mai ita. Mai sauraro mai hankali yakan lura da abin da kafa ke yawan faɗa, ya kuma lura da abin da take tsallakewa.

Littattafai fa? An ce marubuci ne.

A 2011 shi da James Macintyre sun rubuta tarihin Ed Miliband. Wanda ya fi shahara shi ne na 2023 mai suna Win Every Argument, kan dabarun muhawara da magana a gaban jama'a. Ya gina shi a kan tsohon ilimin balaga na Girkawa, musamman rabe-raben Aristotle guda uku, wato mutuncin mai magana, taɓa zuciyar mai sauraro, da ƙarfin hujja. Ya yi bayanin yadda ake tunkarar mutumin da ke jero ƙarairayi da yawa a numfashi ɗaya don ka rasa wadda za ka kama: ka zaɓi mafi rauni, ka tsaya a kanta, kada ka bari a ja ka gaba.

Ina da ja a kan ruhin littafin. An gina shi a kan cin nasara, alhali mu an tarbiyyantar da mu cewa jayayya don a ga ka fi abin ƙi ce, kuma gaskiya ko daga bakin abokin gaba ta fito karɓarta ake yi. Na ga ɗalibai sun koyi katse magana da ɗaga murya daga bidiyonsa, sun bar karatun da ke ƙarƙashin abin. Suna zuwa majalisa su hana dattijo ƙarasa zance, suna ganin sun zama Mehdi. Shi baƙinsa ministoci ne da janar-janar da suka saba da kauce wa tambaya, kuma sun amince su zo a kara. Kawunka da ke ba ka labarin yadda aka raba taki ba minista ba ne.

Wane laifi ne masu sukar salonsa ke gani?

Suna cewa yana katse baƙo fiye da kima, yana neman guntun da zai yaɗu a intanet fiye da fahimtar da mai kallo, kuma wuƙarsa ta fi kaifi a kan waɗanda ba ya ra'ayinsu. Akwai ƙamshin gaskiya a duka ukun. Shi dai bai taɓa cewa ba shi da ɓangare ba, yana faɗar ra'ayinsa a fili. A watan Yuli na 2025 ya shiga wani shirin YouTube na kamfanin Jubilee inda ya kara da mutum 20 masu tsattsauran ra'ayin riƙau, har wani a cikinsu ya amsa da bakinsa cewa shi ɗan fasist ne, wasu kuma suka ce masa ya bar ƙasar. Miliyoyi sun kalla. An yaba masa haƙuri, an kuma soke shi cewa zamansa a wurin ya ba irin waɗannan mutane dandalin da ba su cancanta ba.

Guntayen bidiyon da ake tura mana a WhatsApp, a yarda da su?

A yi taka-tsantsan. Hirar Head to Head kan kai kusan minti hamsin, abin da ke iso mana minti ɗaya ne ko biyu, wanda wani ya yanka don biyan buƙatarsa. Kamar mai sayen buhun gero ne a kasuwar Gujungu ya duba na baki kawai bai soka hannu ƙasa ba. Sau da yawa baƙon ya ba da amsa mai ma'ana a mintin da aka yanke. Wani lokaci kuma rubutun Hausar da aka liƙa a saman bidiyon ya saɓa da abin da ake faɗa a ciki, ko a ɗauko hirar shekarun baya a ce ta jiya ce. Yanzu ma ga na'urorin da ke ƙirƙirar muryar mutum. Cikakkun hirarrakin suna shafin Aljazeera na YouTube kyauta. In data ta yi tsada, a haɗa kuɗi a sauke guda ɗaya, a samu malamin Turanci na makarantar gari ya fassara wa majalisa.

Me ya sa 'yan jaridarmu ba sa yin irin nasa?

Wannan ce tambayar da ta fi damuna, domin akwai rashin adalci a cikinta. Mehdi na zaune a Washington, yana da masu bincike, yana da lauyoyi, kuma in ya gama da jakada zai koma gida ya yi barci. Wakilin rediyo a Dutse ko Gumel yana haɗuwa da wanda ya yi wa tambaya a masallaci da wurin ɗaurin aure, albashinsa in ya zo ba ya kai wata, tasharsa kuma ta dogara da tallan gwamnati da shirye-shiryen siyasa da ake saye. Mun ga Jaafar Jaafar na Daily Nigerian, wanda a 2018 ya fitar da bidiyon da ke zargin gwamnan Kano na lokacin da karɓar daloli, zargin da gwamnan ya musanta. A 2021 sai da ya bar ƙasar zuwa Birtaniya yana cewa rayuwarsa na cikin haɗari. Mun ga hukumar kula da kafafen watsa labarai ta ci Trust TV tarar naira miliyan 5 a 2022 saboda shirin da ta yi kan 'yan bindiga. Duk da haka akwai masu ƙoƙari, a BBC Hausa da gidajen rediyo masu zaman kansu na Kano da Dutse, kuma sun cancanci a san da su.

Abin da za a iya ɗauka daga Mehdi ba tare da an sa kai a halaka ba shi ne riƙe takarda. Sashe na 22 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa 'yan jarida aikin bin diddigin gwamnati, kuma tun 2011 akwai dokar 'yancin samun bayanai. Kasafin kuɗin jiha ana buga shi. In an rubuta za a gina rijiyar burtsatse ko ɗakin haihuwa a ƙauye kaza, ɗan jarida na iya zuwa ya gani da idonsa, ya dawo ya ce: ranka ya daɗe, ga shafin, ga adadin, ga hoton filin, ina aikin? In aka kauce ya ce, Allah ya taimake ka, ban ji amsar ba. Babu rashin kunya a cikin wannan. Ambaliyar 2022 ta cinye gonaki da gidaje a Ringim da Auyo da Kafin Hausa da sauran garuruwan bakin kogin Hadejia, an yi alkawura a lokacin. Gobarar tankar mai a Majiya a watan Oktoba na 2024 ta kashe mutum fiye da 150, an yi alkawura a nan ma. Waɗannan su ne wuraren da muke buƙatar mai ajiye ranar da aka yi magana, ya dawo bayan shekara ya tambaya. Mu masu sauraro kuma mu daina kiran irin wannan ɗan jarida ɗan adawa ko mara tarbiyya a duk lokacin da wanda aka titsiye namu ne.

Yanzu ina yake, me yake yi?

Bayan barinsa MSNBC ya kafa kamfaninsa mai suna Zeteo a farkon 2024, wanda ke dogara da kuɗin da masu karatu da kallo ke biya a wata ko a shekara. A shekarar ce ya fara yi wa jaridar Guardian rubutu, ya kuma koma gabatar da Head to Head a Aljazeera. Cikin hirarrakin da suka yi tashe bayan komawarsa akwai ta tsohon shugaban Sri Lanka, Ranil Wickremesinghe, wadda aka watsa a watan Maris na 2025. Wani ɓangare na abin da Zeteo ke fitarwa na masu biya ne kaɗai, amma ana sa hirarraki da yawa a YouTube inda kowa zai iya kallo.